Durɓi ta Kusheyi: Ƙauyen manoman da ya girmi birnin Katsina

Idan aka tsayar da ɗan bokon Arewa aka ce ya lissafa wuraren tarihin ƙasar Katsina, ba zai yi wata-wata ba zai ambaci hasumiyar Gobarau, da ganuwar birni da ƙofofinta, da tsohuwar Kwalejin Katsina inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. In ya ƙoƙarta, ya tsallaka Daura ya ƙara da rijiyar Kusugu. Duk waɗannan a cikin birane suke, kusa da kwalta da fitilar lantarki. Kaɗan ne ƙwarai za su tuna da wani ƙauyen manoma da ke kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Mani, wanda ake kira Durɓi ta Kusheyi, alhali kuwa a gefen gonakin gero da dawar mutanen wannan yanki ne manyan ƙasar Katsina na farko suke kwance, wasunsu tun kafin a aza tubalin Gobarau.

Sunan kansa ya isa ya sa mai tunani ya dakata. Kusheyi jam'in kushewa ne, wato kabari, kalmar da ta fara ɓacewa daga bakin yaran birni. Abin da ya jawo wa wurin wannan suna shi ne wasu manyan tuddai da ke warwatse a filin, waɗanda baƙo zai ɗauka halittar Allah ce kamar kowane tudu, amma hannun ɗan Adam ne ya tara ƙasarsu, kwando bayan kwando, a kan gawar wani babban mutum. Ruwayar da aka gada kaka da kakanni ta ce nan ne mazaunin Durɓawa, gidan da ya riƙe ƙasar kafin mulki ya koma inda birnin Katsina yake a yau. A jerin sunayen shugabannin wancan zamani ana ambaton Kumayau, wanda labarin Bayajida ya sanya shi cikin 'ya'yan Bawo, da Ramba-Ramba, da Bataretare, har zuwa Sanau, wanda daga kansa ne mulkin ya fita daga gidan.

Babu Bakatsinen da ya tashi a gaban tsofaffi da bai ji yadda abin ya faru ba. An ce Korau, baƙo daga 'Yanɗoto, ya kara da Sanau a kokawa bayan ya sami sirrin asirin da sarkin yake taƙama da shi, ya kayar da shi, ya yanka shi da takobin nan Gajere, wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Masana tarihi na zamani suna sanya zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Ko mutum ya ɗauki labarin kokawar a matsayin abin da ya auku ido da ido, ko ya ɗauke shi a matsayin hikimar magabata ta dunƙule babban sauyi cikin ɗan gajeren labari, abu guda bai canja ba: sababbin masu mulki ba su share sunan na dā ba. Sarautar Durɓi ta zauna cikin majalisar Katsina, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, a matsayin masu zaɓen sarki. Da jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi da ke Jamhuriyar Nijar a yau, suka tafi da waɗannan sarautu huɗu, a can ma Durɓi yana cikin masu zaɓen sarki. Wato sunan wannan ƙauye yana da kujera a fada biyu, a ƙasashe biyu, shi kuwa ƙauyen ko a littafin 'yan firamare da ƙyar ake cin karo da shi.

Ni abin da ya fi jan hankalina game da Durɓi ta Kusheyi shi ne yadda take gaskata wata magana da marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kawo a wata maƙala da ya wallafa a 1970, kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Kafin lokacin, abin da aka saba koyarwa shi ne wani jarumi ya zo daga gabas a kan doki, ya tarar da mutane zaune cikin duhu, ya kafa musu sarauta. Smith ya ce a'a, a dubi ƙasa tukuna. Gidajen manoma ne suka haɗu suka zama ƙauye, ƙauyen da ya dace da ƙasa mai albarka da ruwa da ƙarfe da wurin bauta ya jawo baƙi ya zama gari, garin da ya iya kare kansa da na kewaye da shi ya yi ganuwa ya zama birni. Ɗalibinsa, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ya bi wannan hanya a littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, inda ya nuna cewa kafin zamanin Korau ƙasar tana cike da garuruwa masu cin gashin kansu, kuma kushewun Durɓi suna cikin wuraren da shugabannin waɗannan garuruwa suke jingina ikonsu gare su. Hausawa sun riga su faɗa a taƙaice: tushiya mafarin dawa.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi irin na manomi. Kafin a tara tudu guda mai tsawon da zai rufe gida, ana bukatar majiya ƙarfi masu yawa su bar aikinsu kwanaki da dama suna haƙa suna jida. Waɗannan mutane sai sun ci sun sha. Abincin da za su ci daga rumbu zai fito, rumbun kuma ba ya cika sai damina ta yi kyau, an yi shuka a kan kari, an yi noman firi da maimai, an girbe, an ɗaure dammuna, an sami rarar da ta wuce cin gida. A ƙasar da ruwan sama bai cika wuce wata 4 yana sauka ba, samar da irin wannan rara shekara da shekaru ilimi ne mai zaman kansa. Saboda haka duk tudun da ke Durɓi ta Kusheyi shaida ce ta abu biyu: girman wanda aka binne, da ƙwazon talakan da geronsa ya ciyar da masu binnewar. Littattafan tarihinmu sun riƙe sunan na farko, na biyun kuwa jikokinsa ne suke duƙe a wurin har yau da fartanya.

Farkon wanda ya sa aka sa diga a waɗannan tuddai shi ne Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka da ke kula da Katsina, wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Lardunan Arewa. Ya yi aikin ne a 1907 tare da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Akwai wani abin lura a nan, domin Dikko kansa sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin Turawa su ɗora shi a gadon sarautar Katsina a 1906, don haka yankin ba baƙonsa ba ne. An tona, an sami tukwane da kayan ƙarfe. To amma abin takaici, kayan da aka fitar a wancan tono sun salwanta, bayanin da aka bari a rubuce kuma bai taka kara ya karya ba. Tonon kufai ba kamar karatun littafi ba ne da za a sake buɗe shafin da aka wuce. Duk ramin da aka haƙa ba tare da an rubuta abin da aka gani a kowane taki na ƙasa ba, an ƙone wannan shafi ke nan har abada. Palmer mutum ne mai ƙwazon tara rubuce-rubucen tarihi, ba a hana shi wannan, amma yana da ɗabi'ar jingina duk wani abin kirki da ya gani a ƙasar Sudan ga baƙi daga gabas, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana bin tarihinmu kamar inuwa.

A 1959, ana gab da samun 'yancin kai, hukumar kula da kayan tarihi ta lokacin ta sanya wasu daga cikin tuddan, tare da kukar da ake kira Kukar Katsi, cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Daga nan sai shiru ya biyo baya na tsawon lokaci, har zuwa 1991 da 1992, lokacin da wani ayarin bincike na Jami'ar Bayreuth ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dierk Lange, ya tona wasu tuddai 3. A tsakiyar kowane ɗaya an tarar da mutum guda a kwance da kayansa. Kayan sun yi shekaru a ajiye, har suka isa gidan tarihi na Jos, sai a 2007 aka ɗauke su zuwa wani babban gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, inda ƙwararru suka tsabtace su, suka gyara waɗanda suka fara ruɓewa, suka auna shekarunsu. Awon ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14, zuwa ƙarni na 15 ko na 16, wato kusan shekara 200 ana kai manyan mutane wannan wuri.

Abin da aka samu ya isa a yi masa zama na musamman. Akwai 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da mundaye da sauran kayan tagulla, da duwatsun ado na gilashi da na dutse, da wuri, da ɓurɓushin tufa da fata da itace. Akwai kuma kwanon ƙarfe wanda ƙirarsa ta nuna daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya ya fito. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hanyar da ya biyo. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi har zuwa zuwan Turawa ba a tekun Legas ake samunsa ba, daga Tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldibs. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya zauna a waɗannan tsibirai har ya yi alƙalanci, ya zo ya ga ana kashe irin wannan wuri a Mali da Gawo a tafiyarsa ta 1352 zuwa 1353. A wannan tafiya ya sauka Takedda, garin da ake haƙar jan ƙarfe a yankin Azbin, ya kuma ba da labarin cewa ana kai ƙarfen har Gobir da Barno. Idan aka haɗa wannan da abin da ƙasa ta fitar a Durɓi, sai a ga mutumin da aka binne a ƙauyen ƙasar Mani shekara 600 ko 700 da suka wuce yana sanye da abin da ya ratso teku da hamada, ya bi ta hannun fatake iri-iri kafin ya iso gare shi. Masu cewa mun san duniya ne ranar da Lugga ya shigo ƙasar Hausa, ga amsarsu nan a cikin ƙasa.

Sai dai bai kamata alfahari ya rufe mana ido ba. Ba a ba da zinariya da tagulla kyauta. Littafin da Farfesa Detlef Gronenborn ya shirya a 2011 don baje kolin waɗannan kaya a Jamus, sunansa in an mayar da shi Hausa shi ne Zinariya, Bayi da Hauren Giwa. Kalmar tsakiya tana da ɗaci, amma gaskiya ce. Cikin abin da ayarin raƙuma yake ɗauka zuwa arewa akwai fata da tufa da haure, akwai kuma 'yan Adam, waɗanda galibinsu daga ƙauyuka irin wannan aka kamo su. Gadon tarihi ba a tsince shi kamar tumatir a kasuwa, a ɗauki mai kyau a bar mai tabo. Wanda ya gaji awarwaron ya gaji labarin abin da aka bayar aka same shi.

A 2014 Jamusawa suka maido da kayan Nijeriya, aka baje su ga jama'a a 2015 a gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, cikin ginin tsohuwar Kwaleji. Wannan abin a yaba ne, musamman idan aka tuna irin jan-in-ja da ake sha kafin a karɓo kayan Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897. A nan an ɗauka da yarjejeniya, an gyara, an dawo da su. Amma ina aka dawo da su? Birni. Rahoton binciken fa? Yana cikin Jamusanci da Ingilishi, a littafi da mujallun masana da ko malamin jami'a sai ya yi da gaske kafin ya sa hannu a kansu. Masana sun sami ƙarin girma, gidajen tarihi sun sami abin nunawa, hukuma ta sami abin faɗa a jawabi. Manomin da aka tona gefen gonarsa, shi me ya samu? Anya ba za a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba?

Na ce shan bugu ne domin, a ganina, ainihin waɗanda suka tsare wannan wuri su ne manoman. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 aka yi ta, wadda ta gabace ta kuma a 1953. Tuddan sun girmi dokokin biyu da ɗaruruwan shekaru. A tsawon wannan lokaci an yi yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da Kano da Gobir, an yi jihadi, an yi hare-haren Maraɗawa, an yi yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, an yi farin 1973 da na 1984. Duk da haka tuddan sun kai zamaninmu, domin uba yana nuna wa ɗansa inda kunya za ta tsaya, yana gaya masa dalili. Katangar da ta kare Durɓi ta Kusheyi a cikin zukatan mutane take, kuma irin wannan katanga ba a ba da kwangilar gina ta.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna abin da ya faru a wasu wurare. A shekarun 1990, lokacin da talauci ya yi wa karkara katutu bayan tsarin tsuke bakin aljihu, dillalai suka bazu a yankin Nok na kudancin Kaduna da Kwatarkwashi ta Zamfara, suna ba matasan ƙauye 'yan kuɗin da ba su kai sun kawo ba, su kuma suna farfasa ƙasa suna fito da mutum-mutumin yumɓu masu shekaru fiye da 2,000. Ɓarnar ta kai ga a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, ta sanya kayan yumɓun Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a ciki. A wannan shekarar ce aka ga irin waɗannan kaya a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, bayan an saye su daga hannun wani dillali, sai a 2002 aka daidaita cewa mallakar Nijeriya ne amma za su zauna a can aro na shekara 25. Ban ga laifin yaron da yunwa ta sa ya ɗauki diga ba kamar yadda na ga laifin tsarin da bai taɓa nuna masa cewa abin da ke ƙarƙashin gonarsa zai amfane shi in ya bar shi a inda yake ba. Tun da yanzu duniya ta san an sami zinariya a kushewun Durɓi, wauta ce a ɗauka babu mai kwaɗayi da ya ji labari.

Haɗari na biyu ba ya zuwa da dare, kuma ba ɓarawo ne ke kawo shi ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa tana nan yadda take. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suke raba ta, saurar da ake barin ta ta huta kuwa ta zama labari. A irin wannan hali, kowane taƙi na ƙasa yana da daraja, kuma garmar shanu ko ta tarakta ba ta san kabari ba. Kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, sai a wayi gari gindin tudu ya zaizaye, ruwan damina ya ƙarasa sauran. Ga kuma masu neman ƙasar gini da jar ƙasar cikon hanya, waɗanda tudu a wurinsu tifa kaza ne kawai. Ba adalci ba ne a ce wa mai 'ya'ya takwas ya bar wani yanki na gonarsa saboda tarihin ƙasa, alhali ƙasar ba ta taɓa tambayarsa yadda ya kwana ba.

Akwai wata magana da ake yi a ɓoye, gara a fito da ita fili. Wasu 'yan'uwa suna ganin kula da irin waɗannan wurare raya maguzanci ne, tun da mutanen da ke kwance a wurin sun rayu ne a zamanin tsafi da bautar kakanni. Ina girmama tsoron da ke bayan wannan ra'ayi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma yanka a gindin kuka. Amma sanin tarihi daban, bauta daban. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, bai tsallake labarin al'ummomin da suka gabaci jihadi ba, har labarin Amina ta Zazzau ya kawo. Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, ya rubuta tarihin sarakunan Hausa a Raudatul Afkari. Ƙasar Saudiyya da kanta, wurin da ta fara shigarwa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2008 shi ne Mada'in Salih, kufan da ke cike da kaburburan mutanen da suka rayu tun kafin Musulunci. Hasali ma kushewun Durɓi suna ba da labarin yadda Musulunci ya shigo ƙasar nan, domin kwanon nan na Gabas ta Tsakiya ya biyo hanyar da littattafai da malamai irin su Shehu Magili suka biyo zuwa Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Abin da addini zai ƙara mana a nan shi ne ladabi ga mamaci, wato kada a sake sa diga a kabarin kowa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, da sanin mutanen wurin, da yardarsu.

Gadon ƙauye kuma bai tsaya ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Ni da na tashi a karkara na san cewa kowace gona tana da suna, kowace fadama da kowane kufai suna da labarin wanda ya fara saran wurin. Akwai tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa suke noma tare, kowane ɗa yana da gayaunarsa. Akwai gayya, akwai sarautar Sarkin Noma da ba a samunta sai da dami. Akwai irin gero da dawa da wake da kowane yanki ya zaɓa ya adana a rumbu saboda ya san halin ƙasarsa, da sanin dalilin da ya sa ba a sare gawo a gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana. Waɗannan su ma kayan tarihi ne, kuma sun fi zinariya saurin salwanta, domin ranar da tsoho ya rasu ake binne su tare da shi, babu kuma Bajamushen da zai iya tono su. Abin kunya ne a ce manyan littattafan da duniya ta sani kan rayuwar manoman Katsina baƙi ne suka rubuta su: Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta fitar da nata a 1972, Michael Watts ya yi aiki a Kaita ya fitar da nasa kan yunwa da abinci a 1983. Ba a ce ba mu da masu iyawa ba. Mun dai ɗauka cewa ƙauye wuri ne da ake gudu daga gare shi, a riƙa komawa da Sallah.

Ya kamata mu ɗauki darasi daga Sukur ta Jihar Adamawa, wadda a 1999 ta zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya kai ta can ba fadar Hidi kaɗai ba ce. An haɗa da gonakin da aka yi wa matakala a jikin dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, da rumbuna, da wuraren narka ƙarfe, wato an ɗauki manomi da gonarsa a matsayin wani ɓangare na abin da ake karewa. Da wannan ido ya kamata a dubi Durɓi ta Kusheyi, a daina kallonta kamar wasu tuddai da ƙauyawa suka zo suka takura wa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha ba, bai ma fi ƙarfin 'yan bokon yankin ba in sun so. Mafi sauƙi shi ne a mayar da sakamakon binciken Jamusawa cikin Hausa mai sauƙi, da hotuna, a kai makarantun Mani da kewaye. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu a wajajen 2009, aka yi fiye da shekara 10 kafin a dawo da shi, to tun da ya dawo, yaron ƙasar Mani ya fi cancantar ya fara da tudun da yake gani a hanyarsa ta zuwa gona kafin a kai shi Masar. Ba na cewa a kwaso zinariya a kai ƙauye inda babu tsaro, amma ɗaki guda mai ɗauke da kwafin kayan da hotunansu da bayaninsu, wanda 'ya'yan wurin za su riƙa kula da shi suna yi wa baƙi jagora a kan albashi, zai sa kowane gida ya ji yana da rabo a cikin abin. Manoman da tuddan suka faɗo cikin gonakinsu ko iyakarsu kuwa, a auna abin da ake so su bari, a biya su diyya ko a ba su taki da iri duk shekara, a rubuce, da sa hannun hakimi da dagaci, don kada abin ya zama alkawarin ɗan siyasa.

Jami'o'i ma suna da nasu kason. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, akwai ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Jami'ar Ahmadu Bello da ke da sashen nazarin kufai, ga kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar. A kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri a kan batutuwan da aka tauna har suka sane. Da za a tura wasu daga cikinsu da rani, lokacin da manomi yake da sukunin zama a inuwa, su ɗauki muryoyin dattawa maza da mata na Durɓi ta Kusheyi da ƙauyukan da ke kewaye, su rubuta sunayen gonaki da kufai da rijiyoyi da itatuwa, su tsallaka Maraɗi su ji abin da gidan Durɓin can ya riƙe, da an tara abin da babu wani gidan tarihi a Turai da yake da shi. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ɗaukar muryar, sharaɗin kawai shi ne a ajiye kwafi guda a ƙauyen, a hannun limami ko shugaban makarantar firamare, kafin a kai saura ɗakin karatu na jami'a.